Tazarar da ke Tsakanin Ɗaki da Zauren Alƙali: Ƙungiyoyin Kare Haƙƙin Mata a Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi aikin ƙungiyoyin da ke fafutukar haƙƙin mata da jin daɗinsu a tsakiyar Jihar Katsina, musamman Dutsin-Ma da Kurfi. Hujjarta ita ce, haƙƙoƙin da matan yankin suka fi rasawa tuni Shari'a ta ba su, abin da suka rasa shi ne mai raka su zuwa inda ake karɓar haƙƙin. Takardar ta kafa hujja da shari'ar Amina Lawal, da tsarin Mata Masu Dubara na Maraɗi, da abin da ƙungiyoyin matan ƙasar Filifin suka cim ma a matakin unguwa.

Haƙƙin da ke cikin littafi

Duk wanda ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin a zaure, ko ya leƙa Muhtasar na Halil da Tuhfa waɗanda alƙalanmu ke hukunci da su, ya san cewa matar aure a mazhabar Malikiyya ba ta rasa madafa. Sadakinta nata ne, ba na uba ba, ba na miji ba. Ci da sha da sutura da wurin kwana suna kan miji ko da ta fi shi dukiya. In ya gaza ciyar da ita, ko ya cutar da ita, tana da ikon kai ƙara alƙali ya raba auren, ba sai ta biya komai ba. In ita ce ta ƙosa, akwai hul'i. In an sake ta saki na kome, iddarta a ɗakinta za ta yi, kuma ciyarwa na kan mijin. Riƙon yara nata ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uban kuma shi ke ciyar da su a hannunta. In ta yi wani aure riƙon kan koma wa mahaifiyarta kafin a zo ga dangin uba. In miji ya rasu tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Duk wannan karatun makarantar zaure ne, an san shi a Katsina ɗaruruwan shekaru kafin a haifi wanda ya tsara kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tambayar da ta dace a yi ita ce: mace nawa ce a Birchi ko Wurma ko Karofi take samun abin da aka lissafa ɗin nan a ranar da take buƙatarsa?

Mu matso kusa mu ga yadda abin ke kasancewa. An saki mace bayan sallar isha'i. Wani lokaci da takarda, rabin fallen littafin ɗan makaranta, wani lokaci da baki kawai ba shaida. A daren za ta goya na goye, ta kama hanyar gidansu, domin zaman idda a ɗakin miji ya zama abin da sai a wa'azi ake jin sa. Bayan kwana biyu ƙannenta za su zo da amalanke ko kura su kwashe gado da kwalla da kwanuka, amma tunkiyar da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta tana turke, miji ya ce sai an yi lissafin dusar da ta ci. Yaron da aka yaye kuma kakarsa ta wajen uba ta riƙe. In ta ce za ta kotu, uban da ya haife ta ne zai fara cewa a bar wa Allah, domin gobe da surukin za su haɗu a sahu ɗaya, kuma ba ya son a ce 'yarsa ta kai uban 'ya'yanta ƙara. In ta dage, akwai kuɗin mashin zuwa gari, akwai kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci, akwai ɗage zama sau biyu sau uku, kowane zama kuma yini ne guda da ba ta yi sana'a ba. Sai ta tsaya gaban alƙali a ɗaki cike da maza, ita da aka tarbiyyantar a kan kada ta ɗaga murya gaban manya, a ce ta faɗi da'awarta. Ba ta san cewa da'awa tana da tsari ba, ba ta san wa ya kamata ya kawo shaida wa ya kamata ya yi rantsuwa ba. Ofisoshin da aka kafa domin irinta, na Hukumar Ba da Agajin Shari'a da na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da na ƙungiyar lauyoyi mata, a birnin Katsina suke, kimanin kilomita 60 daga Dutsin-Ma. Ga matar da ba ta da kuɗin zuwa Kurfi daga ƙauyensu, da Katsina da Abuja duk nisansu ɗaya. Wannan tazarar ita ce batun takardar nan, kuma da ita nake son a auna kowace ƙungiya da ta ce don mata aka kafa ta.

Ƙungiyoyin ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, ta ba kowace malfa, su koma ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu, su kuma jagoranci ayari zuwa wurinta. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan neman 'yancin ƙuri'a, wanda matan Arewa ba su samu ba sai 1976. Ƙungiyar WIN ta samo tushe daga wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982, sai FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, da aka ƙaddamar a Minna a 1985 da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amira ta farko. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB ta zo a 1996, ta WRAPA a 1999. A gefe guda kuma akwai shirye-shiryen matan shugabanni, irin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida na 1987 da na tallafa wa iyali na Maryam Abacha na 1994, waɗanda suka yi ƙara matuƙa sannan suka bi mazajen iyayen gijinsu suka sauka. In aka jera su duka, abin da ya bambanta waɗanda suka daɗe da waɗanda suka ɓace shi ne mai su. Wadda membobi suka mallaka, kamar FOMWAN da makarantunta da asibitocinta, tana nan. Wadda kujera ta mallaka ta tafi da kujerar.

Abin da shari'ar Amina Lawal ta nuna

Jihar Katsina ce ta ba duniya misali mafi girma na abin da ƙungiyar mata ke iya yi, kuma a ganina har yau ba mu karanta misalin yadda ya kamata ba. A watan Maris 2002 kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta ƙauyen Kurami hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta. Mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. A watan Agustan shekarar babbar kotun Shari'a ta Funtua ta tabbatar da hukuncin. Sai ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta soke shi, alƙalai huɗu suka amince, ɗaya ya saɓa. Ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB ne suka tsaya mata, lauya Aliyu Musa Yawuri ya jagoranci kare ta, tare da lauyoyi irin su Hauwa Ibrahim. Abin lura shi ne makaman da suka ɗauka. Ba su shiga kotu suna cewa Shari'a ta saɓa wa yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa ba. Sun ce alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori alhali dokar jihar ta tanadi ya zauna da mataimaka. Sun ce a fiƙihu wanda ya yi iƙirari a kan haddi yana da damar janye shi, kuma ta janye. Sun kawo mas'alar kwantaccen ciki, wadda malaman Malikiyya suka yarda ciki na iya kaiwa shekara biyar, don haka ana iya danganta ɗan ga tsohon miji, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi. Da waɗannan hujjoji aka kuɓutar da ita, kamar yadda aka kuɓutar da Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Sakkwato a Maris 2002.

A daidai lokacin, duniya ta ɗauki ɗumi. Takardun koke na yawo a intanet, wasu 'yan takarar sarauniyar kyau ta duniya suka ce ba za su zo Nijeriya ba. A watan Mayu 2003 BAOBAB ta fitar da wasiƙa mai sa hannun Dokta Ayesha Imam tana roƙon masu wannan kamfe su dakata, domin wasu takardun na ɗauke da bayanan da ba daidai ba, kuma matsin lamba daga waje na iya sa masu iko su taurare, ya jefa Amina da lauyoyinta cikin haɗari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan wasiƙar kaɗai ta isa amsa ga mai cewa ƙungiyoyin mata duk 'yan amshin shatan Turai ne, ga ƙungiya ta dubi masu ba ta kuɗi da masu yi mata tafi ta ce musu ku yi shiru kuna ɓata mana aiki. Amma akwai darasi na biyu da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. A zaman farko a Bakori, inda aka ɗauki maganarta a matsayin iƙirari, Amina ba ta da lauya. Da a ce akwai mace ɗaya mai ilimin babin haddi da ta zauna da ita a ɗaki kafin ranar, ta gaya mata nauyin kalmar da za ta furta da abin da fiƙihu ya ba ta, da wataƙila ba a yi wata goma sha takwas ana shari'a ba, da duniya ma ba ta san sunanta ba. Ƙungiyoyin sun iso ne bayan an yanke hukunci, kuma abin da ya kira su hukuncin kisa ne. Shari'ar tunkiya da kuɗin ciyar da yaro da gonar gado ba ta kiran kowa daga Abuja, alhali irinta ce ke cika kotunan Dutsin-Ma da Kurfi kowane mako.

Abin da matan Filifin suka gina

Na zaɓi Filifin don kwatance domin ƙasa ce da matanta suka yi suna wajen tsara kansu, kuma matsalarsu ta mata masu aikatau a ƙasashen Larabawa ta yi kama da ta 'yan'uwanmu da ke tafiya Saudiyya. A 1984, lokacin mulkin Ferdinand Marcos, ƙungiyoyin mata da dama suka haɗu suka kafa GABRIELA, sunan da suka ɗauko daga Gabriela Silang, matar da ta jagoranci tawaye ga mulkin Sifaniyawa a yankin Ilokos har aka kashe ta a 1763. Tarayya ce ta ƙungiyoyin mata manoma da ma'aikatan masana'antu da mazauna unguwannin talakawa da ɗalibai, kowace da membobinta. A Maris 1995 aka rataye Flor Contemplacion, 'yar aikin gida, a Singafo, ƙasar ta yi zanga-zangar da ta tilasta wa gwamnati yin dokar kare 'yan ƙasa masu aiki a waje a cikin shekarar. A shekarar ce kuma aka yanke wa Sarah Balabagan, yarinya Musulma daga Mindanawo, hukuncin kisa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saboda ta kashe maigidanta, wanda ta ce ya yi mata fyaɗe. Bayan fafutuka aka sassauta, dangin mamacin suka karɓi diyya, ta koma gida a 1996. Daga nan dokoki suka biyo: ta fyaɗe a 1997, ta fataucin mutane a 2003, ta hana cin zarafin mata da 'ya'yansu a 2004, babbar dokar haƙƙin mata a 2009, da ta 'yan aikin gida a 2013. Jam'iyyar mata ta Gabriela ma ta samu kujera a majalisar wakilai a zaɓen 2004.

Jerin dokokin ba shi ya burge ni ba, mu ma muna da namu, ga dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya ta 2015 da jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ja hankalina shi ne inda suka ajiye ƙofar dokar. Mafi ƙanƙantar matakin mulki a Filifin shi ne barangai, wanda ya yi kusa da gundumar dagaci ko unguwar mai unguwa a wurinmu, kuma akwai su kusan 42,000. Dokar 2004 ta ba shugaban barangai ikon rubuta wa matar da ake duka takardar kariya a ranar da ta kawo kuka, ba tare da jiran a kira mijin ba, takardar ta yi aiki kwana 15 kafin a je kotu. Dokar 2009 kuma ta wajabta a buɗe teburin sauraron koken mata a kowane barangai. Ba kowane tebur ne ke aiki yadda ake so ba, amma ƙa'idar ta tabbata: wurin kai kuka na farko wuri ne da mace za ta taka da ƙafa, ta tarar da wadda ta sani. Matan da suka matsa aka yi dokar su ne kuma ke zaune a unguwannin, suna rakiyar maƙwabtansu zuwa teburin da asibiti da ofishin 'yan sanda.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, Filifin ba Katsina ba ce. Akasarin mutanenta Katolika ne, matansu sun yi nisa a karatun boko, kuma ƙasar har yau ba ta halatta saki ba sai ga Musulmi, waɗanda dokar 1977 ta ba tsarin aure da gado na kansu. A wannan fannin matar Kurfi ta fi matar Manila 'yanci, domin ƙofar fita daga mugun aure a buɗe take gare ta tun asali. GABRIELA kuma ƙungiyar siyasa ce a zahiri, tana yawan karo da gwamnati, salon da in aka kawo shi nan zai ƙare ne tun a ƙofar gari. Mun ga abin da ya faru a Kano a Janairu 2009, lokacin da ƙungiyar zawarawa ta Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangami Hisba ta hana. Akwai ma wani tanadi na dokarsu ta 2004 da ba zan ba da shawarar a kwafa ba, wato hana shugabannin barangai yin sulhu a ƙarar cin zarafi. A wurinmu sulhu ginshiƙi ne na addini da zamantakewa, kuma mafi yawan matan da ke kawo kuka gyara suke nema, ba rabuwa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin aro a nan guda ɗaya ne, kusanci, kuma shi ma in an duba da kyau namu ne, shi ne dabarar Nana Asma'u: jaji ke zuwa wurin mata, ba mata ke neman ofishin jaji ba.

Inda za a ɗora aikin

Ba sai an kafa sabuwar ƙungiya mai allo da hatimi ba. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani tsari a Jihar Maraɗi ta Nijar, maƙwabciyarmu ta arewa, mai suna Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashin da matan Hausa suka gada. Mata kamar ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa duk mako a tsakar gidan ɗayarsu, a shimfiɗa tabarma, a ajiye akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a tsakiya. Makullan na hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma na kwana a ɗakin ta huɗu, don haka ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kowace ta zuba nata, a ƙirga da ƙarfi, mai buƙatar jari ta ranta, a ƙarshen zagaye a raba. Banda wannan akwai ƙaramin asusun taimako na rashin lafiya ko gobara ko rasuwa. Tsarin ya bazu daga Maraɗi zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma sirrinsa shi ne ba a zuba kuɗin waje a akwatin. A Nijar ƙungiyoyin sun wuce batun kuɗi, har mata daga cikinsu suka riƙa tsayawa takarar kansila. To, irin wannan zama, da makarantun Islamiyya na matan aure da ke cika da daddare a Dutsin-Ma da Kurfi, da rassan FOMWAN, su ne wuraren da mata ke haɗuwa da izinin mazansu, ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Shawarar takardar nan ita ce a zaɓi mace ɗaya ko biyu a kowane irin wannan zama, dattijuwa da ake jin maganarta, malamar Islamiyya ko ungozoma ko uwar adashi, a koya mata babin aure da saki da riƙo da gado da yadda ake tsara da'awa, a kuma haɗa ta da lauyar da za ta iya kira in abu ya fi ƙarfinta. Aikinta rakiya ne. Yadda ba a kai amarya ɗakinta ita kaɗai, bai kamata a bar mace ta je gaban mai unguwa ko alƙali ita kaɗai ba. Kuɗin mashin kuwa daga asusun taimako zai fito.

Sukar da za a fara yi ita ce wannan hanyar kashe aure ce da tona asirin gida, kuma ai akwai iyaye da limamai da masu unguwanni da Hisba. Ban raina wannan suka ba. Gidajen sarautar Yandaka a Dutsin-Ma da na Maraɗin Katsina a Kurfi, da dagatai da masu unguwannin da ke ƙarƙashinsu, suna kashe wutar da kotu ba ta ma jin labarinta, kuma ƙungiyar da ta ce za ta tsallake su ta yaudari kanta. Sai dai a dubi yadda zaman sulhun yake. Miji ya zo da bakinsa da waliyyinsa, matar tana bayan ƙyaure ko ta aiko wanta, kalmar da ta fi yawo a zauren kuma ita ce haƙuri, kusan kullum gefe ɗaya take fuskanta. Sulhu a fiƙihu yarda ce da barin wani ɓangare na haƙƙi, kuma mutum ba ya yafe abin da bai san nasa ba ne. Matar da ta san cewa ciyar da yaranta wajibi ne a kan ubansu, sannan ta ce ta sassauta masa saboda damina ba ta yi kyau ba, ta yi sulhu. Wadda aka gaya wa ba ta da komai ta yi shiru, ƙwace aka yi mata. Ina kuma ganin sanin haƙƙi ya fi kusa da rage saki a kan ƙara shi, domin abin da ya sa saki ya yi arha a ƙasar Hausa shi ne ba ya cin mai yinsa komai. Ranar da namiji ya san cewa bayan takardar akwai ciyarwar idda da kuɗin abincin yara duk wata, kuma akwai dattijuwar da za ta bi sawu, zai ƙara tunani kafin ya nemi biro. Iyakar sulhu kuwa a bayyane take: fyaɗe da raunata mutum laifuffuka ne, wurinsu asibiti da 'yan sanda da kotu, kuma 'yar rakiyar da ta yarda aka rufe su da buhun masara ta ci amana.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Mutanen da ke kwana a daji saboda 'yan bindiga, waɗanda suka bar gonakinsu a gefen dajin Rugu suka tare a kangayen gari, ina su ina maganar haƙƙi? A fara da tsaro da abinci. Yankin nan ya ga abin da ya gani: harin Wurma a Agusta 2019 da aka kwashe mutane har da mata, da sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a Oktoba 2023, banda waɗanda ba su shiga jarida ba. Amma rashin tsaron shi da kansa ya haifar da tambayoyin shari'a da ba a taɓa ganin yawansu ba, kuma a kan mata suka faɗa. Matar da aka tafi da mijinta, shekara biyu ba labari, matar aure ce ko mai takaba? Malikiyya ta yi bayani a babin mafƙudi: in akwai dukiyarsa da ake ciyar da ita, za ta kai magana gaban alƙali, a yi bincike, in ba a samu labari ba a ɗebar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. In babu abin ciyarwa, tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekarun ba. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne lissafin ba ya farawa daga ranar da aka sace mijin, sai bayan magana ta je gaban alƙali. Duk watan da ta zauna a gida tana jira, ba ta sani ba, wata ne da ba a ƙirga mata. Haka gonar wanda aka kashe, da 'yan'uwa ke sayarwa da sunan biyan bashin kuɗin fansa kafin a fitar da tumunin matarsa da rabon marayunsa. Haka matar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga da ciki, wadda ke buƙatar malamin da zai faɗa a fili cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi kuma aurenta na nan. Buhun shinkafar agaji ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Rashin tsaron ya kuma gwada mana wace irin ƙungiya ce ke tsayuwa in abu ya ɓaci. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai. Tsawon watannin nan duk wani shiri da ya dogara da lambar kiran gaggawa ko jami'in da zai taso daga birni ya tsaya cak. Matan adashi kuwa ba su fasa zama ba, domin tsakaninsu katanga ce kawai.

Ba na cewa ƙungiyoyin birni ba su da amfani. Ba don lauyoyin da WRAPA da BAOBAB suka ɗauka ba, da shari'ar 2003 ba ta ƙare yadda ta ƙare ba, kuma 'yar rakiyar ƙauye ba za ta iya ɗaukaka ƙara ba. Amma rabon aiki da kuɗi ya karkace. Mafi yawan abin da ke shigowa yana ƙarewa ne a taron bita a otal, da riguna masu tambari, da rahoton da ake rubuta wa mai ba da tallafi da Turanci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in mai kuɗin ya sauya abin da yake so a bana, ƙungiyar ma ta sauya. Dutsin-Ma na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, jami'ar tarayya tun 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da malamai da ɗalibai mata da suka san fiƙihu suka kuma san Hausar ƙauyukan nan. Su ne za su iya zama da alƙalan yankin da limamai su tsara ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, wanda malaman gari suka duba suka sa hannu, domin kada a ce da 'yar rakiya daga ina ta samo. Su ne kuma za su iya yin aikin da masu bincike suka fi kowa iyawa, wato su nemi izinin shiga rajistar kotunan Shari'a na Dutsin-Ma da Kurfi, su ƙirga ƙararrakin da mata suka shigar a shekara guda, nawa aka yanke, nawa aka kora saboda mai ƙara ta daina zuwa, kuma a zama na nawa ta daina.